Dutsen da Baba ya gada daga Wurno, da kawar da ke shekara 500 a ƙasan teku

Baban Sabon Zongo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hoton wani abu nan jikana ya ɗora mini. Tun ina yaro nake ganinsa a adakar mahaifina, Allah ya jiƙansa, tare da tasbaharsa da takardun gida. Ya ce wajen haƙar rijiya aka tono shi a ƙauyensu, can ta wajen Wurno a ƙasar Sakkwato, ya kuwa taho da shi har Ankara, wato Accra, lokacin da fataucin goro ya kawo shi bai koma ba. Dutse ne, nauyinsa ma na dutse, amma in ka juya shi sai ka ga ɓawo biyu a manne, da layi-layi kamar na adode, abin ruwan nan mai ɓawo da ake soyawa a Sogakope. Jiya jikan nan nawa ya ce wai kawar teku ce. Na ce yaro, daga Wurno zuwa bakin teku tafiyar kwana nawa ce a ƙafa? Ban yi masa faɗa ba, amma abin ya hana ni barci. Masu karatu, ku fitar da ni daga duhu.

Ɗan Nima:
Wa alaikumus salam Baba. Kwanan baya na ga bidiyon wata kawa da ke can ƙasan teku inda rana ba ta kaiwa, wai tana shekara 500 a raye. Ko irinta ce wannan?

Ɗalibar Legon:
Baba, ina wuni. Jikanka ya yi gaskiya. Ilimin duwatsu nake karantawa, kuma na buɗe hoton na duba shi da kyau. Ɓawon ƙasa ya fi kauri ya yi kwarmi, na sama ya kwanta a kai kamar murfi, ga layukan girma ɗaya bisa ɗaya. Siffar kawa ke nan. Teku kuwa ita ce ta je Wurno. Tsakanin shekara kimanin miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, akwai lokutan da ruwan teku ya taso ya ratsa Sahara, ya kwanta a kan Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato ta yau, ya janye, ya sake dawowa. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti da shi, taruwar ɓawon halittun wannan tekun ne. A duwatsun wajen Goronyo aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada, har sunan garin aka sa mata, Goronyosaurus. Masana ma da sunayen garuruwanku suke kiran shimfiɗun dutsen: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina.

Amma Yaya Ɗan Nima, ba irin ta bidiyonka ba ce. Tekun Sakkwato ba mai zurfi ba ce, ruwa ne mai ɗumi da hasken rana ke ratsawa. Wadda ka gani labarinta daban.

Baban Sabon Zongo:
Allahu Akbar. Wato Wurno ɗin da mahaifina ke ba mu labarin wahalar ruwa a cikinta da rani. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ci gaba, ina saurare.

Ɗalibar Legon:
Amin Baba. Ta zurfin teku sunanta Neopycnodonte zibrowii, kuma sai a 2009 aka rubuta bayaninta aka ba ta suna. Da wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Lula aka gan ta a raye, kusa da tsibirin Faial a tsibiran Azores na ƙasar Fotugal, a zurfin mita 420 zuwa 500. Ɓawonta na kai santimita 30, tsawon rular ɗan makaranta. Ba ta kwanciya a laka. Jikin bangon dutse take mannewa, musamman ƙarƙashin inda dutse ya yi rumfa, ta rataya kanta ƙasa, ƙanana su hau bayan manya su manne. Abin da ya sa ta daɗe a ɓoye ke nan, domin masu bincike na da tarun ƙarfe suke ja a ƙasan teku, taru kuwa ba ya shiga ƙarƙashin rumfar dutse. Sai da ido ya sauka can. Daga baya an same ta a kwazazzaban ƙarƙashin teku na mashigin Biscay da ke yamma da Faransa, da kudancin Ireland, har da gaɓar Afirka wajen Muritaniya da Angola.

Ɗan Nima:
To ƙanwata, ni inda na tsaya shi ne shekara 500 ɗin nan. Wa ya zauna ya ƙirga? Kawa ba ta da takardar haihuwa. Turawa sun saba faɗin lamba mai girma, mu kuma mu ce to.

Ticha Madina:
Tambayarka a kan hanya take, kuma tana da amsa. Akwai wani nau'in kabon da ake kira kabon 14, yana cikin iska, yana cikin ruwa. Kawa da abin da ta ɗebo a ruwa take gina ɓawonta, don haka duk layin da ta ɗora ya kulle kabon na lokacinsa a ciki. Daga ranar nan yake raguwa a hankali, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730. Sai a ɗauko kawar da aka kama da ranta, a yanki kaɗan daga gindin ɓawon, inda ta fara gini tana jaririya, a kuma yanki kaɗan daga bakin ɓawon, inda ta gina na ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ce tsawon rayuwarta. Haka aka gane wasu sun haura shekara 500.

Ɗan Nima:
Ticha, in rabi sai shekara 5,730, a shekara 500 ai abin da ya ragu ɗan mitsitsi ne. Na'ura za ta gan shi?

Ticha Madina:
Kusan kashi 6 cikin 100 ne, kuma na'urorin da ke ƙirga ƙwayoyin kabon ɗin suna ganin abin da bai kai haka ba nesa. Matsalar da ta fi wannan ita ce ruwan teku kansa tsohon kabon gare shi, yana sa abu ya nuna ya girmi shekarunsa da kimanin 400. Shi ya sa ake auna wuri biyu a jikin ɓawo ɗaya, tunda ruwa ɗaya suka sha. Kuma ba ita kaɗai ke irin wannan tsawon rai ba. A 2006 an kamo wata mai ɓawo biyu a tekun Iceland, aka ƙirga layukanta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake ƙirga zoben kututturen itace, aka sami 507. Wannan ƙirge ne na ido.

Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne, kawar da ta kai 500 a lokacin da aka ɗauko ta, ta manne a dutsenta ne ba da daɗewa ba bayan Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482, zamanin da Askiya Muhammadu ke mulkin Songhai. Aka yi cinikin bayi aka gama, Shehu ya yi jihadi a 1804, aka kafa zangunan nan namu, Ghana ta sami 'yanci a 1957, ita tana nan wuri ɗaya cikin duhu da sanyi, tana tace ɗan abin da igiyar ruwa ta kawo mata.

Mai Adode Mamobi:
Sallama dai. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekarata 18 ina wannan sana'a, bari in gyara wa Baba abu ɗaya. Adode na Sogakope da Ada ba kawa ba ce, ko da yake mutane na haɗa su. Adode a ruwan Volta take, cikin yashi take binne kanta, maza ke nutso su kwaso ta, ɓawonta santsi gare shi kuma biyun girmansu ɗaya. Kawa ta gaskiya ita ce wadda matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu ke tsinta a bakin kogin Densu, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. Ita mannewa take yi, ɓawonta kaushi, yana yanka hannu kamar reza, ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Da na ga hoton nan ban ko yi shakka ba, ta Densu ya yi kama da ita.

Baban Sabon Zongo:
Hajiya, na karɓi gyara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗan Aboabo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni tambayata ga malamai ce. Ba ruwan Ɗufana ne ya kai waɗannan abubuwa can ba? Mu abin da muka taso muna ji ke nan duk lokacin da aka ga wuri ko katantanwa a kan tudu. Kuma wannan maganar miliyoyin shekaru, ba ta taɓa imani?

Malamin Fadama:
Ɗan'uwa, Ɗufana gaskiya ce, Alƙur'ani ya tabbatar da ita, ba mai ja. Amma bai ce mana kowane ɓawon da ke cikin dutse daga ita ya fito ba, kuma bai kamata mu ɗora wa aya abin da ba ta faɗa ba. Abin da ya faɗa a Suratul Ankabut, aya ta 20, shi ne a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Umarni ne na dubawa. Malamanmu na farko kuwa sun duba. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, hujjarsa ita ce ɓawon halittun ruwa da ake samu in an haƙa rijiya. Ka ga daidai da abin da ya faru a ƙauyen su Baba. Ibn Sina ma ya yi magana a kan yadda laka ke zama dutse da halittu a cikinta. Shekara dubu ke nan da Musulmi suka faɗi haka, ba su kuma fita daga addini ba.

Ɗalibar Legon:
Allah gafarta Malam, bari in ƙara da abin da dutse kansa ke nunawa. Abin da ambaliya ta kwaso a hargitse yake zuwa, a farfashe, babba da ƙarami a cakuɗe. Amma a irin waɗannan shimfiɗu ana samun kawa ɓawonta biyu a rufe, kamar ta Baba, wata ta manne a bayan wata, wata kuma a bayan waccan. Ma'ana a nan aka haife su, a nan suka girma suka mutu, zuriya bayan zuriya, kafin wata laka ta rufe su, wasu su sake ginawa a sama.

Su kuma miliyoyin shekaru ba da kabon 14 ake auna su ba, shi iyakarsa kimanin shekara 50,000. Da yuraniyom ake yi, wanda ke cikin ƙananan ƙwayoyin tokar dutse mai aman wuta, yana rikiɗa ya koma darma a hankali ƙwarai. In an sami shekarun tokar a wani wuri, sai a bi ƙananan halittun da ke sama da ita da ƙasa da ita, a gwama da irinsu a wasu ƙasashe.

Ɗan Aboabo:
Na gode Malam, na gode 'yar'uwa. Zan sake karantawa a natse. Ban ce na gama gamsuwa ba, amma na sami abin tunani.

Ɗan Nima:
To in kawar bakin ruwa ta cika duwatsu haka har ana siminti da ita, ina kakannin ta zurfin tekun? Ko ita jiya ta faɗo?

Ɗalibar Legon:
Yaya, ka taɓo inda ya fi ba ni sha'awa. Kawa na daga cikin halittun da suka fi barin burbushi, don ɓawonta da irin farar ƙasar da ba ta saurin narkewa aka yi shi, ga kauri. Amma ta zurfi abubuwa biyu ne suka yi mata cikas. Kafin abu ya zama dutse sai laka ta binne shi da wuri, ita kuwa ta zaɓi zama daidai inda laka ba ta taruwa. In ta mutu, ko ta daɗe a rataye ƙananan halittu na huda ɓawon har ya ruɓe, ko ta faɗo ta farfashe. Na biyun ya fi girma: tekun da ta kwanta a kan nahiya, irin ta Sakkwato, in ta janye sai ta bar komai a fili mu taka da ƙafa. Ƙasan teku mai zurfi kuwa ba kasafai yake ɗagowa sama ba, yawanci ma nutsewa yake yi ya koma cikin ƙasa a inda faifan duniya, wato manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa, suke gamuwa. Shi ya sa da wuya ka sami ƙasan teku da ya haura shekara miliyan 200, alhali a kan tudu akwai duwatsun da suka haura biliyan 3.

Duk da haka akwai taga ɗaya mai kyau. A garin Faxe na ƙasar Denmark akwai ramin da ake haƙar dutsen farar ƙasa, wanda asalinsa tudun murjani ne na ruwa mai zurfi, shekara kimanin miliyan 63 da suka wuce, jim kaɗan bayan ƙarewar manyan dabbobin nan dainaso. A cikin kogunan dutsen an sami kawa ta dangin nan a manne, tare da wata halitta mai kama da dunƙulallen hannu, 'yar'uwar tauraron teku, sunanta Cyathidium. Da jirgin Lula ya haska ƙarƙashin rumfar dutse a Azores, sai ga kawa, sai ga Cyathidium a manne a bayanta. Maƙwabtaka ɗaya, irin gida ɗaya, shekara miliyan 60 da ɗoriya tsakani. Ranar da na fara ganin hotunan biyu gefe da gefe na daɗe ban rufe kwamfuta ba.

Dangin kawar nan ana gane su da cikin ɓawon, in an yanka sai ka ga ramuka ƙanana kamar saƙar zuma. 'Yan'uwansu na da, Gryphaea, sun cika duwatsun Ingila, masu lanƙwasa kamar ƙaho, har mutanen can na kiransu farcen shaiɗan.

Ticha Madina:
Mu ma nan Accra muna zaune a kan tsohon ƙasan teku. Duwatsun da ke bakin ruwa tsakanin Jamestown da Osu sun kai shekara miliyan 380, an sami burbushin halittun ruwa a cikinsu. Sai dai ba kawa, don ita ba ta bayyana ba sai bayan fiye da shekara miliyan 100.

Mai Kaji Ashaiman:
Ni buhu-buhu nake sayen niƙaƙƙen ɓawo ina zuba wa kaji don ƙwai ya yi ƙarfi. Malam, cin ita kawar fa? Wani abokina ya ce haramun ne.

Malamin Fadama:
A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, wataƙila can abokinka ya ji.

Ɗan Jirgi Tema:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba, don maganar ta taɓa ni. Shekara 9 na yi a jirgin kamun kifi mai jan taru a ƙasa. Ba zan faɗi kamfanin ba. Tarun nan bakinsa da sarƙa da ƙofofin ƙarfe biyu, yana tafe yana nome ƙasan teku kamar garma. In an ɗago, ban da kifi akwai dunƙulen ɓawo a manne da juna, wani sai mutum biyu sun ɗaga, da soso, da rassan murjani. Aikina ne in sa shebur in tura su ruwa kafin kyaftin ya yi tsawa. Ban taɓa tambayar shekararsu nawa ba. Mu dai a mita 40 zuwa 70 muke aiki, ba mu kai inda 'yar'uwa ke magana ba. Amma na ga wuraren da muka fara zuwa taru na cika, bayan 'yan shekaru sai laka zalla. Da hannuna na yi, kuma yana damuna har yau.

Baban Sabon Zongo:
Ɗana, neman abinci ya kai ka, kuma ka faɗi gaskiya. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ɗan Nima:
Amin. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Masunta a Chorkor na fita su ƙona mai su dawo da kwale-kwale wayam. Kifin da uwa za ta saya ta yi wa yara miya ya yi tsada. A wannan hali, kawar da ke mita 500 a tekun Fotugal, wadda ba mai ci, ina ruwanmu da ita?

Ɗalibar Legon:
Ba a tekun Fotugal kaɗai ake da irin wannan wuri ba, Yaya. A 2012 jirgin bincike na Norway, Dr Fridtjof Nansen, ya gano tudun murjani na ruwan sanyi a tekunmu, can yamma kusa da iyakar Kwaddibuwa, a zurfin kimanin mita 400. Tsawonsa mita 1,400, faɗinsa 250, tashinsa 70, kuma ya haura shekara 20,000 yana ginuwa. A jikinsa an ga manyan masu ɓawo biyu da ake kira Acesta, waɗanda a kwazazzabon Whittard, kudu da Ireland, bango ɗaya suke rabawa da kawar nan tamu. A kan wannan nake son yin binciken digirina na biyu in Allah ya yarda. Kifi na fakewa a irin waɗannan wurare. Kuma yankin yamma ɗin nan ne ake haƙar mai, tun da aka gano rijiyoyin Jubilee a 2007 aka fara ɗiba a 2010. Duk mai shimfiɗa bututu ko jefa anga a can ya kamata a ce taswirar wuraren nan na hannunsa, mu ma 'yan ƙasa mu san da su.

Mai Adode Mamobi:
Ɗan Nima, bari in ba ka amsa da abin da na gani. Kawar Densu ta kusa ƙarewa, sai ƙanana kamar farce muke samu. A 2017 matan suka yarda a tsakaninsu su rufe ruwan wata 5, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, suna kuma mayar da ɓawon da aka fasa cikin ruwa don 'ya'yan su sami wurin mannewa. Na ji jiki a watannin nan, ba zan ɓoye ba, sai da na koma sayar da waake. Da aka buɗe kuwa na ga bambanci a kwanona. Amma ita cikin shekara guda take girma. Wadda ke buƙatar shekara ɗaruruwa, in an kankare ta, wata nawa za a rufe?

Ɗan Nima:
Hajiya, wannan na ji shi. Har yanzu ina ganin cikin mutane ne gaba, amma na yarda abin da ba ya dawowa ba a wasa da shi. Ƙanwata, in kin sami hotunan tudun nan na yamma ki ɗora mana.

Ɗalibar Legon:
Zan nemo in sha Allah. Baba, wata alfarma: kada a wanke dutsen da omo ko a kankare shi, kuma in ka tuna sunan ƙauyen da zurfin rijiyar, ko da gaba nawa ne, a rubuta a takarda a ajiye tare da shi. Da wannan za a iya sanin shimfiɗar da ya fito. In ka amince zan zo in ɗauki hotonsa ta kowane gefe da rula a kusa, in nuna wa malamanmu.

Baban Sabon Zongo:
Ƙanwata da ke Shukura ta fi ni riƙe labarin gida, gobe zan aika jikana ya tambayo ta sunan ƙauyen. Ki zo ran Asabar bayan la'asar, 'yata. Dutsen dai ba zai bar gidan nan ba, amma hoto ki ɗauka iya son ranki. Hajiya, in da hali ki aiko da ɓawon Densu guda biyu mu jera su gefe da gefe.

Mai Adode Mamobi:
Zan kawo da kaina Baba, da na adode ma guda biyu. Ka gaya wa jikan naka ya jira ni a tashar trotro.